Shirun Thirza

Kakata Thirza Gotts ba ta san baƙi ba,
amma ta san kifi:
wuƙa ɗaya, tsaga ɗaya, jefa a ganga, barbaɗa gishiri,
shekara arba'in a gaɓar tekun Norfolk,
inda iska ke riga wuƙa yanka yatsu.
Tana aiki tana rera wata tsohuwar waƙa
ta saurayin da ya bi jirgin ruwa ran Talata,
ya bar hularsa a ƙusa har ƙusar ta yi tsatsa.
A bakin uwarta ta tsince ta,
uwar kuwa a bakin wata makauniya mai ɗinkin taru.

Wata bazara sai ga mutum a kan keke,
wando duk taɓo, aljihu cike da fensir.
Osbert Larwood, in ji shi, daga London.
Ya ce, "Iya, sake rerawa." Ta sake.
Ya ce, "Sake." Ta ce, "Ɗan nan, kurma ne kai?"
Ya zauna bisa kifaffen kwando
yana ɗiga baƙin ɗigo a kan layi biyar,
kamar tsattsewa sun jeru a wayar tangaraho.
Ya ba ta sule. Ta sayi ganyen shayi.
Muka manta da shi.

Bayan shekara shida wasiƙa ta zo da tikiti biyu.
Ni na raka ta babbar majami'ar Norwich,
takalmin aro yana cizon ta a diddige.
A takardar da aka raba, sunansa ɓaro-ɓaro,
a ƙasa, ƙanana: bisa wata waƙar mutanen ƙauye.
Na karanta mata. Ta ce, "To, ai ƙauyen ne."

Yara masu fararen riguna suka fara,
siririyar murya kamar zaren gizo-gizo da raɓa.
Manyan maza suka shigo ta ƙasa
yadda ruwa ke cika gaɓa ba sallama.
An raba waƙar gida huɗu, an saƙa ta,
wannan na bin wancan, wancan na waiwaye,
saurayi ɗaya ya tafi sau huɗu a Talata ɗaya.
Ta raɗa mini, "Sun yi mata wanka, ba ƙarni.
Da wannan jan ƙafa nake aiki, da kifin ya ruɓe."

Sai aka zo kan hula.
Kafin a ce ƙusa,
baki arba'in suka rufe lokaci guda.

Shiru.

Rufin dutse ya riƙe sauran amon, ya sake shi a hankali.
Wani dattijo kusa da mu ya cire tabarau yana share ido.
Kakata ta cusa hankici a baki,
kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka ne.

A bakin ƙofa Larwood ya kama hannunta biyu.
Furfura ta fara masa. Ya ce,
"Shirun nan naki shi ne zuciyar aikin.
Hunturu guda na yi ina juya shi,
baƙin cikin da harshe ya kasa ɗauka."
Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce,
"Nan ne nake jefa kifi in ɗauko wani."

A jirgin ƙasa ba ta ce uffan ba.
Gonakin sha'ir na gudu a taga,
hannunta na dama yana motsi bisa cinya,
tsaga, jefa, tsaga, jefa.
Dab da tasharmu ta ce, ba da ni ba,
"Ashe hular ce. Ban taɓa samun sukunin ji ba."

Ta daɗe a ƙasa yanzu. Gangunan sun ƙare.
Nakan rera waƙar ina wanke kwanuka,
in na zo wurin nakan tsaya,
hannu cikin kumfa,
ban san shirun wa nake yi ba.